Tagar Gwadabe

A shekarar 1953 aka ba Gwadabe riƙon ɗakin shan magani na Kiru. Ɗan garin ne, sai dai ya yi shekara uku a birni yana koyon aikin asibiti, ya dawo da farar riga da keke da agogon aljihu mai sarƙa. Aikin ba mai wuya ba ne. Ya wanke gyambo, ya ɗiga maganin ido, ya yi allura, ya raba ƙwayoyin zazzaɓi. Duk wata uku wani likita Bature yakan zo rangadi daga birni ya duba aikinsa. Mutanen Kiru ba su taɓa riƙe sunan likitan ba, Mai Lofe suke ce masa, don ba a ganin bakinsa ba lofe.

Matar Gwadabe, Saudatu, 'yar wani malami ce a Bebeji. Da cikinta na fari ya tsufa ta tafi gidan iyayenta haihuwa kamar yadda aka saba, ta haifi namiji cikin watan sanyi. Ranar suna, bayan jama'a sun watse, aka yi wa Gwadabe iso ya shiga ya gaida mai jego.

Sai da ya ɗaga asabari, ya kuma ɗaga bargon da aka rataya a bayan asabarin, sannan ya samu ya shiga. Ɗakin ba taga. An hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa da ɗanyen itace don mai jego ta gasu, hayaƙi ya turnuƙe har rufi. Kafin ya gama gaisuwa idonsa ya kawo ruwa. Aka miƙo masa jaririn. Ya ga baƙi a ƙofofin hancinsa kamar gindin tukunya, ya ga fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi. Ya zaro agogo a fakaice ya ƙirga. Saba'in da takwas a minti ɗaya. A makaranta an koya musu cewa lafiyayyen jariri bai cika wuce sittin ba.

Surukarsa tana tsaye a kansa. Maganar ta zo masa har leɓe, cewa a fitar da yaron nan ya sha iska. Amma gidan surukai ne, kuma ɗan fari ne, wanda ko sunansa bai kamata a ji a bakinsa ba. Ya ce, "Allah ya raya," ya miƙa shi, ya hau kekensa ya koma Kiru. Bayan kwana biyu aka aiko masa yaron ya koma.

Da Saudatu ta yi arba'in ta dawo ɗakinta, sun yi mako guda ba wanda ya ɗauko zancen. Rannan da hantsi tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, na ga ka duba agogo ranar nan. Nawa ka ƙirga?"

Ya gaya mata.

"Nawa ya kamata ya zama?"

Ya gaya mata wannan ma.

"To me ya hana ka magana?"

"A gidanku, a gaban Inna?"

"Gidanmu ne," in ji ta, "amma ɗanka ne."

Ta tura faifan gefe ta ce, "Kuma ba namu kaɗai ba ne. A unguwarmu uku suka koma a sanyin bana. Kowa cewa yake iska ce. In hayaƙin ne ka faɗa, in ba shi ba ne ka bar mutane da al'adarsu."

"Ban sani ba ko shi ne," in ji Gwadabe. "Zato nake yi. Amma zan sani."

Matsalarsa ita ce shi namiji ne, ba ya shiga ɗakin matan mutane. Wadda take shiga kowane ɗakin jego a Kiru ita ce Gwaggo Kulsum, ungozomar garin, yayar mahaifinsa, wadda ta yanke cibiyarsa shi kansa. Ya je gidanta ya durƙusa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Gwaggo ta dube shi daga hula har takalmi. "Wato wutar jego ce ke kashe 'ya'ya. Wutar da na gasa uwarka da ita, kai kana kwance a gefenta, ga ka nan ƙato har da farar riga. Shekara talatin da huɗu ina karɓar haihuwa, Gwadabe. Kai shekara uku ka yi wajen Nasara."

"Gwaggo, ban ce a bar wuta ba. Ƙirga nake so mu yi."

"Ƙirga me?"

Ya fito da abin da ya haɗa: ƙananan kwalaben magani biyu da ya haɗe bakinsu, ya sa marfi mai huji a tsakani, ya zuba lallausan yashin rafi daidai wanda zai zube cikin minti ɗaya. Ya ce in ta shiga ɗakin mai jego ta kife kwalbar, ta riƙe carbinta, duk numfashin da jaririn ya ja ta ja ƙwayar carbi ɗaya, har yashin ya ƙare. In ta kusa alama ta biyu ta carbin, ko ta wuce, ta aiko masa maza ya zo zaure a fito masa da yaron ya yi masa allura. Sannan ta gaya masa yadda ɗakin yake, a rufe ko da mafitar hayaƙi, da irin itacen da ake hurawa.

"Carbina na salati zan mai da abin awon numfashi?"

"Rai za ki ƙirga da shi, Gwaggo."

Ta karɓi kwalbar ta juya, ta zuba wa yashin ido har ya ƙare. "Zan yi," ta ce. "Ba don na yarda ba. Zan yi ne don ranar da ƙirgan ya ƙaryata ka in zo har ɗakin maganin naka in gaya maka a gaban mutane."

Saura sanin wanda ya rayu da wanda bai rayu ba, don ba kowane gida ke sake kiran ungozoma ba in abin ya faru. Wannan ya kai shi wajen Malam Khalil, limamin unguwar tsakiya. Malamin ya saurare shi a kan buzunsa, ya daɗe yana shafa gemu.

"Mutane za su ce kana jayayya da ƙaddara."

"Allah gafarta Malam, wanda ya ƙaddara ciwo shi ya ba mu ido."

"Ni nake raɗa musu suna," in ji Malam Khalil a hankali, "ni kuma nake yi musu salla. Wani lokaci ragon sunan ko soyuwa bai gama ba. Ka riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko, zan gaya maka."

Haka aka fara. Gwaggo tana kawo ƙirganta da baki, ba ta taɓa mance gida ko lamba ba. Saudatu, wadda hannunta ya fi na mijinta kyau a ajami, tana rubutawa a littafi, kowane jariri da layinsa: gidan wane, ranar haihuwa, numfashi ran kwana uku da ran suna, ɗaki rufe ko buɗe, ya kai arba'in ko bai kai ba. Gwadabe yana juya shi da boko a wani littafin.

Aka shekara, aka shiga ta biyu. Gwaggo ba ta zo ɗakin magani ta ƙaryata shi ba. Sai dai ta rage surutu in ta zo kawo ƙirga. Wata rana ta ce, kamar mai yi wa kanta magana, "Gidajen talakawan da rufinsu ya yage, 'ya'yansu sun fi na masu soro numfashi a natse." Da ta ga yana kallonta ta ce, "Ban ce komai ba."

A sanyin 1955 Saudatu ta sake haihuwa, wannan karon a ɗakinta a Kiru, ta sami mace. Gwaggo ta karɓi haihuwar, ta sa aka hura wuta a ƙarƙashin gado, ta rataya bargo a ƙofa kamar kullum. Da rana ta ɗaga Gwadabe ya dawo daga wurin aiki da dagi a kafaɗa. Ya jingina tsani a bayan ɗakin, ya hau, ya fara saran bangon daga can sama kusa da rufi.

Gwaggo ta fito a guje zane na neman kwancewa. "Ka haukace ne? Ɗanyen jiki gare ta! In sanyi ya shige ta, kumburi ya kama ta, kai za ka ɗauka?"

"Ni zan ɗauka."

Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Wata tsohuwa ta fara salati. Gwaggo ta juya cikin ɗakin ta ce, "Saudatu, ba za ki yi wa mijinki magana ba?"

Muryar Saudatu ta fito daga ciki, a gajiye amma sarai. "Gwaggo, ni na rubuta littafin nan da hannuna. A bar shi ya fasa."

Ya fasa huji kamar faɗin faifai. Hayaƙi ya yi ta bulbulowa ta nan kamar an buɗe murhu. Ya sa aka kwashe ɗanyen itacen, aka riƙa hura wutar a tsakar gida da busasshe, sai ta zama garwashi a kai ƙarƙashin gado. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Ran kwana uku ta kife kwalbarta, ta ja carbi, ta fito ta ce wa bango, ba shi ba, "Arba'in da shida."

Yarinyar ta yi arba'in lafiya, uwar ma ba abin da ya same ta. Gidaje suka fara fasa nasu, wasu a ɓoye. Gwaggo ba ta taɓa cewa ta yarda ba, amma in ta shiga ɗakin jego sai ta ɗaga kai ta ce, "Ɗakin nan ya cika duhu, ba na ganin cibiya. A fasa min can sama."

Sai abu ya faru a gidan Baffa Hamidu, babban mai sayar da hatsi, mutum mai faɗa a ji a garin. Matar ɗansa ta haifi bakwaini, ɗan ƙarami kamar ɗan tsako. An fasa tagar, amma aka yi ta da faɗi, kuma ta fuskanci gabas inda iskar sanyi ke kaɗowa. Jaririn ya kwana huɗu ya koma, jikinsa sanyi ƙalau. Baffa Hamidu ya tara dattawa, aka rubuta takardar ƙara zuwa birni cewa malamin asibiti yana rushe ɗakunan mutane yana kashe musu jikoki.

Saudatu ta tambayi mijinta yadda za ta rubuta layin yaron. Ya ce, "Yadda ya faru. Ɗaki buɗe, bai kai arba'in ba. Ki ƙara da cewa sanyi ne, kuma ni na ce a fasa ban je na ga inda aka fasa ba."

Mai Lofe ya zo da takardar ƙarar a hannu. Ya zauna a kujerar Gwadabe, Gwadabe yana tsaye. Hausarsa a daddatse take amma ana ganewa.

"Wa ya ba ka izinin wannan aiki?"

"Ba wanda ya ba ni, ranka ya daɗe. Ba wanda ya hana ni kuma." Ya ajiye littafin boko a gabansa. "Jarirai ɗari da goma sha takwas ne a nan. Ka duba na ɗakunan rufe, ka duba na buɗe."

Likitan ya buɗe shafi biyu, ya rufe. "Wa ya ƙirga numfashin?"

"Ungozoma."

"Da me?"

"Da carbi da kwalbar yashi."

Mai Lofe ya yi dariya har sai da ya cire lofen. "Gwadabe, bincike aikin likitoci ne. Kai aikinka gyambo da allura. Tsohuwa da carbi ba ilimi ba ne. Za ka rubuta wa dattawa takardar ban haƙuri, ka daina wannan abu, magana ta wuce."

"Zan je in yi wa Baffa ta'aziyya, na riga na je sau biyu ma. Kuskuren da na yi a gidansa yana cikin littafin, shafi na goma sha ɗaya. Amma ba zan ba da haƙuri a kan ƙirga ba, kuma ba zan daina ba."

"To za ka bar Kiru."

"Inda za ka kai ni ana haihuwa?"

Bayan mako uku takardar canjin wurin aiki ta iso. An tura shi Doguwa, can bayan dajin Falgore, inda malaman asibiti biyu suka ƙi zama a gabansa.

Ranar tafiya Gwaggo ta zo ana ɗaure kaya a bayan lori. Ya miƙa hannu ta ba shi kwalbar, ta maƙe kafaɗa. "Kai aka kora, ba ni ba. Malam Khalil zai riƙa rubutawa, fatake su kai maka ta Tudun Wada. Ka je."

Ɗakin shan maganin Doguwa ciki ɗaya ne, jinkar ta zube gefe guda. Da damina rafuka kan cika a yi wata biyu mota ba ta zo ba. Yawancin masu zuwa wurinsa Fulani ne daga rugagen bakin daji, da saran maciji da kaikayi da ciwon ido. A watan farko ya yi ta zama yana kallon hanya, abin ya dame shi fiye da yadda ya nuna wa Saudatu.

Wata rana Ardon wata ruga ya kira shi ya duba ƙafar ƙaninsa da sa ya taka. Yana cikin ɗaure ƙafar ya ji kukan jariri daga wata bukka. Ya tambaya, aka ce haihuwar shekaranjiya ce. Ya waiwaya ya ga wutar gidan a waje take, tsakanin duwatsu uku, bukkar kuwa ta ciyawa ce, haske na ratsa ta. Wata dattijuwa doguwa siririya ta fito da jaririn a ƙirjinta cikin zane, fatarsa manne da tata. Ita ce Dada Habiba, uwar Ardo, mai karɓar haihuwa a rugage shida. Da izinin Ardo Gwadabe ya zaro agogo ya ƙirga. Arba'in da biyu.

"Dada, ba kwa hura wa mai jego wuta a ɗaki?"

Ta yi dariya, ta amsa da Hausarta mai gardin Fillanci. "A bukkar ciyawa? Mu ƙone? Ɗa in yana jin sanyi jikin mutum ake sa shi. Ko ɗan maraƙi ai jikin uwarsa yake raɓa."

Ya dawo gida yana tuƙa keke kamar ana bin sa. Tun daga ƙofa yake kiran Saudatu. "Abin da muka rasa a Kiru ga shi nan. Mutanen da ba sa hayaƙi ko kaɗan, da za mu gwada da namu. Kuma suna da maganin abin da ya faru a gidan Baffa. Sun kawo ni nan ne don in yi shiru, ashe makaranta suka kawo ni."

Ya haɗa wata kwalbar yashi ya kai wa Dada Habiba. Ita ba ta yi gardama ba, sai dai ta ce carbi na salla ne, ta riƙa jefa tsakuwa a ƙwarya maimakonsa. Ya aika wa Gwaggo saƙo ta hannun fatake cewa tagar ta zama ƙarama, can sama, kada ta kalli gabas, bakwaini kuwa a ɗaura shi a ƙirjin uwa ba tare da riga a tsakani ba. Amsa ta dawo da rubutun Malam Khalil: "Gwaggonka ta ce yanzu kuma Fulanin daji ne malamanka. Ta ce ta gwada a gida biyu, ya yi."

Shekara uku ana haka. Takardu na zuwa daga Kiru cikin jakar fatake suna warin daddawa. Duk ranar kasuwar Tudun Wada da hanya ta yi kyau Gwadabe yakan je, ya zauna a gindin tsamiya da ungozomomin ƙauyuka, ya nuna musu kwalba da carbi. Magina suka fara tambayar mai gida tun ana ɗora tubali ko za a bar tagar Gwadabe. Haka sunan ya bi ta, har a garuruwan da ba su san ko wane ne Gwadaben ba.

A ƙarshen 1958 wata mota ta tsaya a ƙofar ɗakin maganin Doguwa, Mai Lofe ya fito. Ya yi furfura, kuma wannan karon bai zauna a kujerar Gwadabe ba, a kan bencin marasa lafiya ya zauna. Ya ce zai bar aiki ya koma ƙasarsu baɗi. Ya ce a rangadinsa ya lura jariran da ake kawowa da ciwon ƙirji daga wajen Kiru da Yako sun ragu, ya tambaya aka nuna masa tagogi.

"Ina so in rubuta wannan abu a mujallar likitoci kafin in tafi," in ji shi. "Ka ba ni littattafanka. Zan gode maka a ƙarshen rubutun. Zan kuma sa a mai da kai Kiru, da ƙarin girma."

"A saman rubutun sunan wa za a sa?"

"Nawa. Haka ake yi. Ba za su karɓa daga wanda ba likita ba."

"Ranka ya daɗe, numfashi nawa ka ƙirga a ciki?"

Likitan ya cire lofen daga baki, Gwadabe ya ci gaba.

"Gwaggona ta ƙirga na jarirai sama da ɗari biyu. Dada Habiba ta ƙirga casa'in da shida, wani gidan sai ta ratsa rafi ruwa iya ƙugu. Matata ta rubuta littafin ajami da hannunta. Da bakinka ka ce tsohuwa da carbi ba ilimi ba ne. In ba ilimi ba ne, me za ka yi da shi? In ilimi ne, yana da masu shi."

"Kana so a karanta, ko kana so ya ruɓe a akwati a Doguwa?"

"Ba a akwati yake ba, yana jikin bangon mutane. Littattafan kuwa ba sa barin ɗakin nan sai da sunayenmu. In kana son taimako, ka gyara min Turancina, in gode maka a ƙarshen rubutun."

Fuskar Mai Lofe ta yi ja. Ya tashi ya shiga motarsa ba sallama. Saudatu, wadda ta ji komai daga bayan zana, ta ce, "Ka san ka rufe mana hanyar Kiru."

"Na sani. Kin ji haushi?"

"Na ji haushin hanyar. Ban ji haushin maganar ba."

Ya rubuta abin da kansa da Turancinsa na makarantar asibiti, shafi tara, har da labarin gidan Baffa Hamidu ba tare da ambaton sunan gidan ba. Ya aika wa mujallar. Bayan wata uku aka dawo masa da shi da ɗan gajeren bayani cewa ba sa buga rubutun da ba sa hannun likita. Ya sake kwafewa da hannu, ya aika wa makarantar da ya yi karatu, ya aika wa wasu asibitoci biyu. Shiru.

Sai da damina ta kusa faɗuwa wata likitar yara, 'yar ƙasar nan daga kudu, wadda ke koyar da ungozomomi a ɗaya daga asibitocin, ta zo Doguwa a bayan lorin gyaɗa. Ta ce ta karanta, kuma ba ta yarda ba, shi ya sa ta zo. Ta yi kwana tara. Ta auna kwalbar yashi da agogonta sau ashirin. Ta bi Dada Habiba rugage uku, tana ƙirga nata a zuci Dada tana jefa tsakuwa, bambancinsu bai taɓa wuce biyu ba. Ta bi littafin ajami da na boko layi layi, Saudatu tana karanta mata. Ranar da za ta tafi ta ce za ta rubuta wa mujallar cewa ta duba aikin da idonta ta tsaya masa, amma sunanta ba zai hau sama ba, don ba ita ta yi ba.

Rubutun ya fito a ƙarshen 1959 da sunaye huɗu: Gwadabe, Kulsum, Habiba, Saudatu. Ba a mai da shi Kiru ba, ba a ƙara masa girma ba. Amma wasiƙu suka fara zuwa Doguwa, daga malaman asibiti a wasu larduna masu tambayar yadda ake haɗa kwalbar, da wani likita a wata ƙasa mai sanyi da duwatsu wanda ya ce su ma a ɗaki suke hura wuta, zai gwada ƙirgan. Likitar yaran kuma ta sa shi cikin abin da take koya wa ɗalibanta.

Ya ɗauki hutun mako guda ya kai wa Gwaggo mujallar har Kiru. Idonta ya fara rauni. Ya nuna mata inda sunanta yake, ta shafa wurin da yatsa ta ce baƙaƙen Nasara kamar sawun kaji. Ta ce ya karanta mata da Hausa. Yana cikin fassarawa ya zo inda aka ce jariran Kiru ɗari biyu da goma sha biyu ne.

"Sha uku," in ji Gwaggo.

"Sha biyu aka rubuta, Gwaggo."

"To an rubuta ƙarya. Tagwayen gidan Mudi maƙeri, ɗaya kuka sa ko biyu?"

Ya buɗe takardun Malam Khalil da ya zo da su, ya bi har ya samu wurin. Malam ya rubuta Hassan da Husaini a layi ɗaya, shi kuma da yake juyawa da boko ya ɗauke su mutum guda. Dukansu sun yi arba'in.

"Ɗaya ne kawai, Gwaggo. Bai canza komai ba."

"Je ka gaya wa uwar Husaini ɗaya ne kawai. Sunana yana kan abin nan. Ka rubuta musu su gyara."

Ya nemi takarda a gidan Malam Khalil, ya zauna a zauren Gwaggo ya rubuta wasiƙar gyaran, tana tsaye a kansa har ya sa hannu. Sannan ta ɗauki mayafinta, don an aiko tun ɗazu wata tana naƙuda a bayan kasuwa.